DARASIN KIWO: YADDA ZA MU FID DA KAJINMU DAGA ƊARI LAFIYA

 Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Darasinmu na yau a kan kaji ne. Ku karanta shi a hankali, sa'an nan ku tattauna da malaminku.

Kaza ƙaramar dukiya ce, amma ita ce ta fi kusa da hannu. In yaro ya kwana da zazzaɓi, kaza ake kamawa a kai kasuwa a sayi magani. In baƙo ya sauka, kaza ce ke fid da mai gida kunya. Kuɗin sabulu, kuɗin cefane, littafin ɗan lakwal, sau da yawa daga kaza suke fitowa. A gidaje masu yawa mata da yara ne ke da kajin. In kaji suka mutu, asusun uwargida ne ya fashe.

Daga watan Nuwamba zuwa watan Fabrairu ne kaji suka fi mutuwa a ƙauyukanmu. Wani lokaci unguwa guda ta wayi gari babu carar zakara. Sai mutane su ce ɗari ya kwashe su, su dangana. Alhali kuwa akwai abin yi. Abu 3 ne: akurki mai kyau, ruwan sha kullum, da rigakafi tun da wuri.

1. ME ƊARI KE YI WA KAJI?

A Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, dare ne ke da sanyi a lokacin ɗari. A watan Disamba da Janairu ma'aunin zafi yakan sauka wajen digiri 15 da asuba, wata rana ma ƙasa da haka. Da rana kuma sai ya haura digiri 30. Iska tana zuwa daga arewa maso gabas, busasshiya, da ƙura.

Babbar kaza tana da riga mai kauri, watau gashinta. Zafin jikinta ya kai digiri 41, ya fi na mutum. In ta ƙoshi, gashinta a bushe, kuma iska ba ta bugunta, sanyin ƙasarmu ba ya kashe ta. Amma in ta kwana bisa reshen itace ko bisa danga, iska tana buɗe gashin, ɗumin jikinta ya fice. Abincin da ta ci duk sai ya tafi wajen ɗumama jiki. Sai ta rame, ta rage ƙwai, mura ta kama ta.

Ɗan tsako kuwa ba shi da wannan riga. A sati 2 zuwa 3 na farko bai iya riƙe ɗumin jikinsa da kansa ba. Ɗumin uwarsa ne ke raya shi. Shi ya sa ƴan tsaki ne ke fara mutuwa.

Abu na biyu shi ne ƙishirwa. Tabkuna sun fara janyewa, ɗanyar ciyawa ta ƙare, raɓa ta ɗauke. Abin da kaza ke tsinta duk busasshe ne.

Abu na uku shi ne annoba. A wannan lokaci ne cutar da ke kashe kaji gaba ɗaya ta fi yawo daga gari zuwa gari.

2. AKURKI

Akurkin da aka saba ginawa ƙarami ne, ƙofarsa ba ta wuce shigar kaza. Hannu ba ya shiga sosai, tsintsiya ba ta kai ƙurya. Kashi ya taru, ƙuma da kaska su hayayyafa. Da kajin suka ji cizo sai su ƙi shiga, su hau itace. Mai su kuma ya ce kajinsa ba su son akurki.

Ga yadda akurki mai kyau yake. Ba ya bukatar kwano ko siminti. Laka, da kara, da zana, da itace sun isa.

Wuri. A zaɓi wuri mai ɗan tudu, inda ruwan wanki ba ya kwanciya. In akwai katanga ko rumbu da zai tare iskar gabas, a gina a bayansa. Kada a haɗa shi da ɗakin kwanan mutane.

Girma. Kaji 10 suna bukatar wajen metir 2 na tsawo da metir 1 da rabi na faɗi, watau kamu 4 da kamu 3. In wuri ya yi musu kaɗan, sai su danne juna, su riƙa tsattsagar juna, cuta kuma ta yi saurin gama su.

Ƙofa. Ta dubi kudu ko yamma. Kada ta dubi gabas ko arewa, don daga can iskar ɗari ke zuwa. A yi ta da girma yadda mutum zai sunkuya ya shiga ya yi shara. A yi mata murfi mai ƙarfi wanda muzuru da tunku ba su iya turewa.

Kafar shan iska. Wasu suna toshe akurki ruf saboda sanyi. Wannan yana cutar da kaji. Numfashinsu da warin kashinsu suna taruwa, su ɓata musu ido da ƙirji. A bar ƙananan kafofi can sama, kusa da jinka, ta gefen kudu da yamma. Iska ta wuce bisa kawunansu, kada ta bugi jikinsu. Ga yadda za ku gane: ku buɗe akurki da safe, ku sa kai. In wari ya sa muku hawaye, to kafofin sun yi kaɗan.

Sandar kwana. Kaza tana son kwana a bisa. A gitta sanda mai kaurin ƙotar fartanya, kamu 1 daga ƙasa. Kowace kaza a ba ta taƙi guda, watau wajen santimetir 20. In ta kwanta bisa sanda tana rufe ƙafafunta da gashin cikinta, kuma ba ta kwana cikin kashi.

Shimfiɗa. A zuba ƙaiƙayin hatsi ko ɓawon gyaɗa a ƙasa, kaurin yatsu 4. Sai busasshe. Wanda ya jiƙa ko ya yi fumfuna yana kawo ciwon ƙirji, ga ƴan tsaki musamman. A kwashe kashin da ke ƙarƙashin sanda sau 1 a sati. A tara shi a rami. Taki ne mai ƙarfi, masu garka sun san darajarsa.

Yaɓe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kaskar kaji take. Da rana tana ɓuya cikin tsagar bango da ƙarƙashin ɓawon itace. Da dare ta fito ta sha jinin kaji. Kafin ɗari a share akurki, a ƙone tsohuwar shimfiɗa nesa da danga, a yaɓe duk wata tsaga, a feƙe ɓawon sandar kwana. A ajiye tsohon kasko da toka gauraye da rairayi a bakin akurki. Kaji za su yi birgima a ciki, yana rage musu ƙwarƙwata da ƙuma.

Sabo. Kazar da ta saba da itace ba ta shiga akurki rana ɗaya. A riƙa watsa musu ɗan tsaki a bakin ƙofa gab da magariba, har cikin akurkin. Bayan ƴan kwanaki da kansu za su zo. A ƙirga su, a rufe. Da safe kada a buɗe sai hantsi ya fara ɗumi.

3. UWA DA ƳAN TSAKINTA

Kaza tana kwanci kwana 21. Wadda ta ƙyanƙyashe cikin ɗari tana bukatar taimako. In aka sake ta, da asuba za ta ja ƴaƴanta cikin iska neman abinci. Masu rauni su kasa bin ta, sanyi ya kama su, shirwa ta ɗauki saura.

A ware mata wuri. Da dare a sa ta da ƴaƴanta cikin kwando ko tsohuwar tukunya mai faɗi, da shimfiɗar ƙaiƙayi, a lulluɓe da buhu, a bar wurin shan iska. Da rana a kife musu babban kwando mai ido a wurin da rana ke faɗa, inda iska ba ta bugu. A sa musu abinci da ruwa a ciki. A yi haka sati 3 zuwa 4.

Ƴan tsaki suna faɗin halin da suke ciki. In sun dunƙule wuri ɗaya suna kuka ba tsayawa, sanyi suke ji. In sun bazu suna ci suna wasa, lafiya lau suke. In sanyi ya yi yawa, a cika kwalba da ruwan ɗumi, a toshe ta da kyau, a naɗe ta da tsumma, a ajiye musu su jingina.

Kada a shigar da garwashi cikin rufaffen akurki. Iskar gawayi tana kashe kaji cikin barci, kamar yadda take kashe mutum a rufaffen ɗaki. Ban da haka kuma lokacin ɗari lokacin gobara ne. Jinka da zana sun bushe, iska na kaɗawa. Tartsatsi guda ya isa ya cinye gida har da rumbu.

4. RUWAN SHA

Da zafi kowa yana tunawa ya zuba wa kaji ruwa. Da ɗari sai a manta, don mu kanmu ba mu jin ƙishirwa sosai. Amma kaza tana ji. Iskar hunturu tana busar da jikinta kamar yadda take busar da leɓunanmu da dugaduganmu.

Babbar kaza tana shan wajen rubu'in litir a yini. Kaji 4 litir 1 ke nan. Kaji 10 litir 2 da rabi. Kazar da ba ta sha ba, ba ta iya cin busasshen abinci. In ba ta ci ba kuma ba ta samun ɗumi. Ku dubi ƙwai: kusan kashi 3 cikin 4 nasa ruwa ne. In kaza ta wuni 1 ko 2 babu ruwa, sai ta tsai da ƙwai, kuma takan daɗe kafin ta koma.

Kazar da ba a ba ta ruwa ba za ta nema da kanta. Za ta sha na gindin randa, da na wanke-wanke, da na makwararar bayan ɗaki. Can kuma za ta haɗu da kajin maƙwabta, masu lafiya da marasa lafiya, duk baki ɗaya cikin ruwa ɗaya. Ta nan cuta ke shigowa gida.

Ga ƙa'idodin ba da ruwa:

A ba su ruwan da mu ma za mu iya sha.

A zuba sau 2: da safe in an buɗe su, da kuma la'asar.

Ruwan da ya kwana a fili ya yi sanyi ƙwarai, ƙura ta cika shi. A zubar da shi nesa da akurki. Ruwan da aka ɗebo daga rijiya da safe yana da ɗan ɗumi, shi ya fi.

A wanke kasko kullum da toka ko rairayi, a ɗauraye.

A ɗora kaskon bisa dutse ko tubali, daidai tsayin bayan kaza, don kada su shiga da ƙafa ko su tona ƙasa a ciki.

A ajiye shi wuri ɗaya kullum, inda iska ba ta zuba ƙura. Kada ya kwana cikin akurki, don in ya zube shimfiɗa ta jiƙa.

Ruwan ƴan tsaki yana da nasa tsari. Ɗan tsakon da ya faɗa ruwa cikin ɗari, ko bai nutse ba, sanyi zai kashe shi. A sa musu ruwa a faranti marar zurfi, a zuba tsakuwa a ciki. Su taka tsakuwa, su sha a tsakani, jikinsu a bushe.

Akwai kuma dabarar gwangwani. A sami babban gwangwanin tumatir, a wanke shi. A huda shi da ƙusa wuri 2 kusa da baki, kaurin yatsa 1 daga bakin. A cika shi da ruwa, a rufe da faranti mai ɗan zurfi, a juya da sauri, gwangwani a bisa, faranti a ƙasa. Ruwa zai fito kaɗan ya tsaya daidai hudar. Duk abin da suka sha, wani ya sauko. Ruwan ba ya ƙazanta, kuma babu mai faɗawa.

5. ƊAN ƘARIN ABINCI

Bayan girbi kaji suna samun ƙwayar hatsi a masussuka da gindin turmi. Amma ƙwari da ɗanyen ganye sun yi wuya, su ne kuwa ke gina jiki. Kowace babbar kaza a ƙara mata tafin hannu guda a yini, rabi da safe, rabi da marece. Na marece ya fi muhimmanci, don kazar da ta kwana da cikakken maƙoƙo ta fi jure sanyin dare. A ba su dusa, da tsakin hatsi ko na dawa. A gauraya da ɗan garin ƙuli-ƙuli marar yaji da gishiri, da garin ganyen zogale. Masu yin ƙwai a daka musu toyayyen ƙashi ko toyayyen ɓawon ƙwai.

Gara abinci ce mai kyau ga ƴan tsaki. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke bi, nesa da ɗaki da rumbu. Da sassafe a ɗauko a zazzage musu.

6. ANNOBAR KAJI

Likitocin dabbobi suna kiran wannan cuta Niyukasal, da sunan wani gari na Ingila inda aka gan ta a shekarar 1926. Ga alamunta: kaza ta yi laushi, ta saki fikafikai kamar mai jan riga, ta daina ci. Ta yi zawo kore. Ta riƙa buɗe baki tana numfashi da ƙyar. Wata wuyanta ya murɗe, ta riƙa kewaya wuri ɗaya. Wata kuma sai a iske ta mushe ba a ga ciwonta ba. In ta shiga kajin da ba a yi musu rigakafi ba, takan kashe mafi yawansu, wani lokaci duka. Tana kama zabi ma.

In ta kama kaza babu maganinta. Kafso, da barkono, da jiƙe-jiƙe ba su kashe ƙwayar wannan cuta. Rigakafi ne kaɗai ke tare ta. Iri 2 ne. Akwai na allura. Akwai na ɗigawa a ido, ɗigo 1 ga kowace kaza, babba da ƙarama, a sake shi kowane wata 4. Na allura kuma mai yin sa zai faɗa muku lokacin sakewa.

Rigakafi yana ɗaukar wajen sati 2 kafin ya fara tsare kaza. Ba a yi wa kazar da ta riga ta kamu. Ba a fafe gora ranar tafiya: lokacin da ya fi dacewa shi ne watan Oktoba, kafin iska ta juya. Wanda bai yi ba, in kajinsa suna lafiya, ya yi yanzu.

Kwalbar rigakafi guda tana isar kaji masu yawa, ba ta son rana, kuma in an buɗe ta ba ta daɗewa. Saboda haka aikin na gari ne gaba ɗaya. A yi shawara da mai gari da ƙungiyar mata, a ƙirga kajin kowane gida, a kira likitan dabbobi ko mai allurar dabbobi na yankin, a tsai da rana. Daren ranar kowa ya rufe kajinsa. Da sassafe a yi aikin a inuwa. A nan ma akurki ya yi rana, don kazar da ke kwana bisa itace ba ta kamuwa ran allura.

Cuta ba ta da ƙafa, mu ne ke ɗauko ta. Ku kiyaye waɗannan:

In annoba ta shiga gari, masu kaji sukan yi sauri su kai kasuwa su sayar da araha. Ku yi hattara da kaza mai araha cikin ɗari.

Kazar da aka saya, ko aka ba ku kyauta, ko wadda ta dawo daga kasuwa ba a saye ta ba, a ware ta ita kaɗai sati 2 zuwa 3, da kaskon ruwanta daban.

Kazar da ta yi laushi a fid da ita daga akurki nan take.

Mushen kaza kada a jefa shi bisa juji. Kare da angulu za su ja shi gida gida. A ƙone shi, ko a haƙa rami mai zurfin kamu 2 a binne, har da gashin.

In annoba tana gidan maƙwabci, kada a ari kwandonsa ko kaskonsa. Ku tsare kajinku cikin gida.

In kaji suna mutuwa da yawa cikin kwana 1 ko 2, a gaya wa mai gari da likitan dabbobi ba da jinkiri ba. Akwai wata cuta mai kama da wannan, murar tsuntsaye. An same ta a Nijar a watan Fabrairu na shekarar 2006, a Magariya, cikin jihar Damagaram. Ita tana iya kama mutum. Ido ba ya raba su, sai an auna. Don haka kada a yanka irin waɗannan kaji a ci, kada yara su yi wasa da su. Wanda ya taɓa su ya wanke hannu da sabulu.

7. MU TATTAUNA

Ina kajin gidanku ke kwana? Ina ƙofar akurkinku ta duba?

Wa ke zuba wa kaji ruwa a gidanku? In ya yi tafiya, wa ke zubawa?

Bara, a wane wata kaji suka fara mutuwa a garinku? Daga wane gida ta fara, kuma daga ina kazar ta fito?

Yaushe aka yi rigakafin kaji na ƙarshe a garinku? Wa zai tafi ya kira mai allura bana?

8. MU YI LISSAFI

Kaza 1 tana shan rubu'in litir a yini. Litir nawa kaji 12 za su sha a yini? Litir nawa a sati?

Kowace kaza tana bukatar santimetir 20 bisa sandar kwana. Sanda mai tsawon metir 2 kaji nawa za ta ɗauka?

A ce wata mata tana da kaji 10, kowace za ta yi jika 2 a kasuwa. Annoba ta kashe 8. Jika nawa ta yi asara? Ku tambayi kuɗin rigakafin kaza 1 a yankinku, ku lissafa na kaji 10. Wanne ya fi yawa?

Ƴan'uwa, aikin akurki na yini 1 ne ko 2. Maza su kwaɓa laka su yi gini, mata su kula da shimfiɗa da abinci, yara su riƙe kaskon ruwa da ƙirgar magariba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan darasi, don kajinku tare suke kiwo, in cuta ta shiga nasa za ta iso naku. Allah ya kai mu bazara lafiya, mu da dukiyarmu.